Katin da Ke Cikin Hulata

Akwai maganar da ya kamata in faɗa wa wata mace shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ban kuwa faɗa ba. Waɗanda suke bin wannan labari tun farko sun san ni: Casimir Dudek, tsohon mai raba wasiƙu, wanda sai da ya cika shekara sittin da ɗaya sannan ya sami ƙarfin halin durƙusawa a gaban Loretta Vukovich, a watan Janairun da ya wuce, ya nemi aurenta, ta kuma amsa. Wasunku sun rubuto suna yaba mini haƙuri. Na karanta yabon, na kife wayar a kan tebur, na zauna ina kallon tsohuwar hular aikina da ke rataye a bayan ƙofa. Abin da na ɓoye muku, na kuma ɓoye mata, yana cikin hular nan, a ninke gida biyu, tsakanin ƙyallen ciki da fatar da ke taɓa goshi.

Dole in fara da al'adarmu, domin ba don ita ba da babu laifin, da kuma babu soyayyar.

Kowace shekara a ƙarshen Afrilu, manyan ƙungiyoyin ƙwallonmu, wannan na kwalkwali da karo, sukan kwashe kwana uku suna zaɓen samarin da suka gama wasa a jami'a, bi da bi, har zagaye bakwai. Wadda ta fi shan kashi a bara ita ke fara zaɓa, don haka ƙungiyar garinmu ba ta cika daɗewa a layi ba. Mu kusan arba'in mukan taru a zauren da ke ƙarƙashin cocinmu mu kalla tare. Kafin a kira sunan wanda ƙungiyarmu ta fara ɗauka, akan raba wa kowa farin kati, ya rubuta wanda shi zai ɗauka da a ce shi ne manaja: sunan ɗan wasan, makarantarsa, da lambar rigarsa, sannan ya sa hannu. A zuba katunan a ambulan guda, a liƙe, Gus Petrakis mai aski ya ja sa hannunsa a kan bakin, a kulle a akwatin ƙarfe. Ba a buɗewa sai bayan shekara biyar cif, saboda a ranar zaɓe kowane saurayi gwani ne a bakin masu sharhi. Sai gwiwarsa da zuciyarsa sun sha wuya ake sanin ko wane ne. Duk wanda katinsa ya faɗi ɗan wasan da ya zama zakara a ƙasa baki ɗaya, akan manna katin a allon katako da ke kusa da talabijin. Cikin shekara talatin da huɗu, katuna tara kacal suka hau allon nan.

Mabuɗin akwatin ni aka ba, babu kuwa wanda ya yi gardama. Mutumin da ya goya sirrin rabin gari a jakarsa shekara da shekaru, in ji su, bai taɓa ɗaga ambulan ya haska shi a rana ba. Gaskiya suka faɗa, a lokacin da suka faɗa.

Na sha tambayar kaina abin da ya kai ni. Ba kwaɗayin allo ba ne, aƙalla da farko. Son sani ne. A wancan lokaci Loretta ta yi shekara biyu da rasa mijinta Milan. Ita ke riƙe da kicin ɗin zauren, ba ta kuma taɓa shiga ihunmu ba. Kowace shekara takan fito da gari a hannu, ta rubuta katinta a tsaye, ta ninke, ta koma. Ni kuwa, da matata ta daɗe da tattara kayanta ta koma jihar iyayenta, nakan bi bayan Loretta da kallo ina mamakin abin da ke cikin kan mace mai shiru haka. Saura mako guda a buɗe ambulan ɗin da ya cika shekara biyar a lokacin, ranar wata Laraba da safe da ba ni da aiki, na ɗauko shi na kawo gida, na ɗora buta a wuta, na riƙe bakinsa a kan tururi. Hannuna bai ko yi rawa ba. Wannan yana daga cikin abubuwan da har yau suke ba ni tsoro game da kaina.

Katuna talatin da takwas ne. Talatin da ɗaya, har da nawa, sun ce Chase Dunleavy, mai jifa, wato jagoran wasa da ke jefa ƙwallon da hannu, kyakkyawan saurayin da ƙungiyarmu ta ɗauka a waccan shekarar muka yi ta rungumar juna, wanda bai cika shekara uku ba aka sallame shi ya koma sayar da motoci. Katin Loretta ya ce Otis Brandvold. A ranar da ta rubuta sunan nan babu wanda ya taɓa jin sa a zaurenmu. Ɗaya ne daga cikin ƙattin da ke yi wa mai jifa bango, daga wata ƙaramar makaranta a filayen arewa, sai a zagaye na huɗu abokan hamayyarmu suka tsince shi. A ranar da nake riƙe da katin kuwa, har a titunan garinmu ana yawo da rigarsa mai lamba saba'in da huɗu.

Na mayar da katinta da sauri, kamar ya ƙona ni. Na zauna har butar ta ƙafe. Daga nan na ɗauko sabon kati daga cikin waɗanda nake ajiyewa, na rubuta sunan Brandvold da ka, da makarantarsa, da lambarsa, na sa hannu, na zura shi a ambulan ɗin, na sake liƙewa. Na so in zama mutumin da ya ga abin da ta gani. Katin gaskiyar kuma na kasa yagawa, domin wanda ya yi aikina ba ya iya halaka takarda. Na cusa shi a hula.

Ranar buɗewa Gus ya hau kujera yana karanta sunaye kawai, kamar yadda ya saba, ana dariyar Dunleavy har da masu riƙe ciki. Da ya ce, "Brandvold, Loretta," zauren ya ɗauki kuwwa. Da ya ƙara da, "Brandvold, Casimir," sai da wani ya zubar da giyarsa. Loretta ta goge hannu, ta karɓi katunan biyu, ta dube su, ta je ta manna su a allo da ƙusa ɗaya, nata a kan nawa. Ta zo inda nake, ta ajiye mini faranti.

"Ina so in ji yadda aka yi ka gano shi," ta ce. "Ka zo gida ranar Lahadi."

Da haka aka fara. Lahadi ta haifi Lahadi, har shekara goma sha ɗaya. A falonta na koyi yadda take kallon ƙwallo: takan kashe sautin talabijin, ba ta kuma damu sosai da abin da ake yi kafin a busa usur ba. Bayan usur take zuba ido, musamman idan abu ya ɓaci. Akwai ɗan wasan da zai juya yana nuna abokinsa da yatsa. Akwai wanda zai duƙar da kai ya sulale. Akwai kuma wanda zai dafa ƙirjinsa sau biyu a gaban kowa, ma'ana laifina ne. Na ƙarshen nan take rubutawa a katinta. Kowane Afrilu kuma takan ce mini, "Har yanzu fa ba ka gaya mini yadda ka gano Brandvold ba." Ni kuma in ce sirrin sana'a ne, ko in ce ƙafafunsa na duba. Takan ce, "To," ta ƙara mini kofi. A zaure suna kirana Malam Duba. Allon kuwa, na rantse muku, ban taɓa iya tsayawa a gabansa na dube shi da kyau ba.

Yanzu ga abin da ya faru ranar Asabar, ranar ƙarshe ta zaɓen bana, wadda a cikinta muke buɗe ambulan.

Tun ƙarfe takwas na safe wayata ta fara kuka da saƙonni. Ƙanwata Bernadette ce, wadda ta ɗauki aurena a matsayin aikin da Ubangiji ya ɗora mata tun ina ɗan shekara hamsin.

"Yaya, kada ka saka rigar sanyin nan mai huji a gwiwar hannu. Yau za a sanar da ranar aurenku."

"Na ji."

"Na karɓo kek. An zana katuna biyu a kai da ƙusa ɗaya. Za ka yi kuka."

Bayan minti biyu wani saƙon ya shigo.

"Na rubuta jawabi. Saurari farkonsa: A garin da kowa ya makance, mutum biyu ne kaɗai suka gani, ashe juna suke gani. Ya ka ji shi?"

Na daɗe ina kallon layin nan. An sa ranar aure a watan Yuni. Idan na yi shiru, Bernadette za ta karanta wannan jawabi yau a gaban mutum arba'in, ta sake karanta shi ranar biki, kuma Loretta za ta shigo gidana tana zaton wani mutum ta aura. Idan na yi magana, ina iya rasa ta, in rasa Lahadin da ita kaɗai ta sa mako yake da ma'ana a wurina. Na saka farar riga mai aninai, da baƙin wandon da nake zuwa jana'iza da shi, na ɗora tsohuwar jakit ɗin ƙungiyarmu mai shuɗi da ruwan ƙasa. Na kai ƙofa, na dawo, na ciro hular daga ƙusarta. Rabon da in sa ta tun ranar da na ajiye aiki.

Tun daga matakala na jiyo muryar Gus. Da na shiga, yana tsaye a tsakiyar zauren da sosej a cokali mai yatsu, yana nuna Wendell Tuck da shi. Wendell tsohon direban bas ne, shi kaɗai a cikinmu ya yarda cewa manajan ƙungiyarmu ya san abin da yake yi, kuma yana yawo da littafin rubutu don ya tabbatar.

"Gwiwa biyu, Wendell! Gwiwa biyu Allah ya ba saurayin nan, duka biyun an ɗinke su! Shi muka ɗauka a zagayen farko! Da asibiti muke buɗewa sai in yi tafi."

"Likitoci sun duba shi."

"Likitoci sun duba surukina, yana ina yanzu?"

"Ka zauna ka ji, mai aski. Cikin goma na farko da manajan nan ya ɗauka mana, shida har yau suna wasa."

"Suna wasa a ina? Faɗa musu! Huɗu daga ciki a wasu ƙungiyoyin suke, duk Nuwamba su zo nan su tattake mu!"

"To ka ga kenan ya iya zaɓe. Riƙewa ce ba mu iya ba."

"Ji wannan! Matarka ta iya sayen nama, girki ne ba ta iya ba, sai ka ce ka ci abinci?"

"Ka bar matata. Kai da ka rubuta Dunleavy har da zana masa zuciya a gefe."

"Kowa ya rubuta Dunleavy! Limamin cocin nan ya rubuta Dunleavy!" Gus ya juya ya hango ni. "Banda Malam Duba. Zo nan, ango. A'a, yau har da hula? Wasiƙa ka kawo mana? Raba mu da mutumin nan: manajanmu ya iya zaɓe ko bai iya ba?"

Zauren ya ɗan yi shiru, yadda yakan yi idan zan yi magana. Wannan shirun na ci shekara goma sha ɗaya ina karɓa, ba nawa ba ne.

"Sai bayan shekara biyar," na ce.

"Kun ji ko? Ba ya taɓa faɗin komai, shi ya sa bai taɓa kuskure ba!"

Aka yi dariya. Ni kuma na tsaya ina kallonsu ina mamaki, kamar yau na fara ganinsu. Tsofaffi masu ciwon baya da hawan jini, waɗanda aka rufe musu masana'anta aka canza musu unguwa ba tare da an nemi shawararsu ba, suna jijiyar wuya a kan samarin da ba su taɓa gani ido da ido ba. Mene ne muke nema a ciki? Na daɗe ina zaton nasarar ƙungiya ce. A ranar na fara tunanin cewa kowannenmu yana son a shaida, ko sau ɗaya a rayuwarsa, cewa ya dubi mutum ya san ko wane ne tun kafin duniya ta sani. Wannan ne Loretta take da shi. Wannan ne na sace na sa a wuyana.

Da tsakar rana aka fara zagaye na huɗu a talabijin. Na buɗe akwatin, na miƙa wa Gus ambulan ɗin shekara biyar da suka wuce. Ya ɗaga shi sama, ya juya shi gaba da baya.

"Ku shaida! Sa hannuna yana nan yadda na bar shi. Amanar Casimir ta fi banki."

Ban jira jin sunayen ba. Bernadette tana can kusurwa tana gadin kek ɗinta, sanye da rigar coci mai furanni, tana yi mini alama da takardar jawabi. Na yi kamar ban gani ba, na shige kicin.

Loretta tana tsaye a gaban babban kasko tana juya pierogi, ƙananan ƙunshin kwaɓin fulawa irin nata da take cusa wa dankali da cuku, albasa tana soyuwa a gefe. Ta ɗaure furfurarta da shuɗin ƙyalle, ta sa 'yan kunnen da take sawa ranar zaɓe kawai, masu launin ƙungiya, da atamfar girki mai aljihu a gaba, wadda ta koɗe saboda wanki. Na dubi hannunta na hagu. Babu zoben da na ba ta.

"Ina zobenki?"

"Kwaɓi na yi. Miƙo mini gishiri." Ta dube ni daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a kan hular. "Ka koma aiki ne?"

"Akwai takarda ɗaya da ban kai ba."

Ta rage wuta. Daga zaure ana jin Gus yana karanta wani suna, ana yi masa eho.

Na cire hular. Ƙyallen cikin ya manne da fatar saboda zufar shekaru, sai da na sa farce. Katin ya fito ya yi launin shayi, gefensa ya yi laushi kamar tsumma, amma rubutun yana nan sarai. Na miƙa mata da hannu biyu, yadda nake miƙa wasiƙar da na san ba ta ɗauke da alheri.

Ta goge hannu, ta buɗe, ta karanta a hankali. "Chase Dunleavy. Casimir Dudek."

"Shi na rubuta, Loretta. Ban san Brandvold ba, ban taɓa jin sunansa ba sai da kowa ya ji. Saura mako guda a buɗe, na kai ambulan ɗin gida na buɗe shi da tururi. Katinki na je gani. Da na gani, sai na canza nawa."

"Me ya sa?"

"Don ki dube ni."

Na shirya wa kuka, na shirya wa mari, na shirya wa shirun da ya fi su duka. Abin da ban shirya wa ba shi ne ta juya ta kwashe pierogi daga kasko ɗaya bayan ɗaya, ta jera su a tire, ta kashe wuta, sannan ta ce, kamar mai tambayar lokaci:

"Wace lamba Brandvold yake sawa?"

"Saba'in da huɗu."

"Yaushe ya fara sa ta?"

Na fara lissafi a raina, ta riga ni.

"Sittin da ɗaya yake sawa a jami'a, Casimir. Shekara huɗu. Sai da aka ɗauke shi, ya tarar wani yana da lambar, sannan aka ba shi saba'in da huɗu, wata uku bayan mun liƙe ambulan ɗin nan. Kai kuma katinka ya ce saba'in da huɗu. Na ce a raina, ko dai mutumin nan annabi ne, ko kuma yana da buta."

Na dube ta.

"Tun ranar?"

"Tun kafin in kai allon. Me kake zato ya sa na haɗa su da ƙusa ɗaya? Ƙusa ce ta ƙare a zauren nan? Kusurwar katina ce take rufe lambarka. Duk shekara idan za a goge allo, ni nake gogewa. Wendell da littafinsa, da ya hango ta sau ɗaya, da ka daɗe da barin garin nan."

Ku da kuke karantawa, ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Kunya tana ciki, amma ba ita ce ta fi yawa ba. Abin da ya fi yawa shi ne wannan son sanin da ya kai ni ga butar tun farko. Mace ta san ka yi ƙarya, ta rufa maka asiri da nata katin, ta gayyace ka gidanta, ta zuba maka kofi shekara goma sha ɗaya. Mene ne take kallo?

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na tambaye ka. Sau goma sha ɗaya na tambaye ka. Ka ce ƙafafunsa ka duba." Ta ɗan yi murmushin da bai kai ido ba. "Ranar farko na gayyace ka ne don in ji kunyarka da kunnena. Sai ka zo da furen da ka tsinko a lambun ƙanwarka, ka ga famfona yana ɗiga, ka kwanta a ƙasa da rigar coci ka gyara. Na ce bari in ƙara kallo. Na ga yadda kake kai wa tsohuwar nan Misis Halloran maganinta bayan ka tashi aiki. Na ga yadda kake sunkuyar da kai duk lokacin da suka ce Malam Duba. Na san abin yana cin ka. Abin da ban sani ba shi ne ko za ka taɓa dafa ƙirji."

"Amma kin amsa mini a Janairu."

"Na amsa. Na koma gida na kasa cin abinci." Ta sa hannu a aljihun atamfar, ta fito da zoben, ta ajiye shi a kan tebur tsakaninmu, kusa da gishiri. "Ba kwaɓi ba ne. Bernadette ta karanta mini jawabinta jiya a waya. Na yi wa kaina alkawari: idan aka kira sunan ɗan wasa na ƙarshe yau ba ka ce komai ba, zan sa wannan a aljihun jakit ɗinka in tafi gida. Ba zan iya zama a gaban kek ɗin nan ba. Na rufe maka a allo, ba zan rufe maka a coci ba."

"Yanzu fa?"

"Yanzu zagaye na huɗu ake. Ka iso da wuri, a ma'auninka."

Na miƙa hannu wajen zoben. Ta ɗora tafinta a kai.

"Tsaya. Mutumin da ya durƙusa a Janairu Malam Duba ne, shi na bai wa amsa, kuma babu shi. Kai ban ji tambayarka ba tukuna." Ta mayar mini da tsohon katin. "Wannan kuma ba ni za ka kai wa ba, ka duba adireshin da kyau. Mutum talatin da bakwai ne suka ba ka mabuɗi."

"Gus zai ci namana har in mutu."

"Zai ci. Har a jana'izarka zai faɗa. Ka je ka dawo, ina nan, abinci yana hucewa."

Daga ƙofar kicin zuwa allon taku goma sha biyar ne. Na auna a ranar. Gus ya gama karatu, babu katin da ya cancanci hawa a bana, an koma kan gardamar gwiwa. Bernadette ta gan ni, ta miƙe da takardarta, ta ɗauki cokali za ta buga kofi. Na ɗaga mata hannu. Ta tsaya, bakinta a buɗe.

A karo na farko na tsaya a gaban allon na dube shi. Ga katin Loretta, rubutunta ƙanana a tsaye, sittin da ɗaya. Na zare ƙusar. Nawa ya fito daga ƙarƙashi, kusurwar da aka rufe tana nan fara tas, ba ta ga hasken rana ba, da lambar da ta tona ni a kai. Na mayar da nata shi kaɗai a tsakiyar gurbin, na danna ƙusar da babban yatsa har ta nutse. Sannan na je wurin Gus, na ajiye masa mabuɗin akwatin a tafin hannu, na ɗora katunan nan biyu a kai.

"Karanta," na ce. "Da ƙarfi, yadda ka saba. Har da lamba."

Ya sa tabarau. Ya dubi na farko, ya dubi na biyu, ya dube ni. Wendell ya riga ya leƙo ta kafaɗarsa yana buɗe littafinsa.

"Dunleavy?" in ji Gus, muryarsa ta sirance. "Casimir, Dunleavy? Kai ma jaki ne irinmu?"

Zauren ya fashe, wasu da dariya, wasu da abin da ba dariya ba. Bernadette ta zauna daɓas a kan kujera. Ban nuna kowa ba, ban kuma sunkuyar da kai ba. Na tsaya inda za a gan ni daga ƙofar kicin, na dafa ƙirjina sau biyu.

Tana tsaye a bakin ƙofar, ta cire atamfar girki, hannunta na dama a dunƙule. Na mayar da hular a kaina, babu komai a cikinta sai ni, na fara lissafa takun komawa, ina neman kalmomin tambayar da ban taɓa yi da sunana ba.